Gadar da Ta Yi Wata Huɗu Tana Rawa

Ranar 7 ga Nuwamba, 1940, iska mai gudun kusan kilomita 65 a awa ɗaya ta karya gadar Tacoma Narrows da ke jihar Washington a Amurka, wata huɗu kacal da buɗe ta. Rai ɗaya aka rasa, wani kare da ya maƙale cikin mota.

Gadar ba ta ɓoye ciwonta ba. Tun ana aikinta ma'aikata suka ga tana hawa da sauka, har aka laƙaba mata Galloping Gertie, wato Gertie mai sukuwa, direbobi kuma suna zuwa takanas don su ji lilon. Injiniya Leon Moisseiff ya sirantar da ita don rage kuɗi: tazarar mita 853 tsakanin hasumiyoyi biyu, amma ƙarafan gefenta mita 2.4 ne kawai, kuma a toshe suke, babu kafar da iska za ta ratsa.

Duk gadar da ke rataye a igiyoyin ƙarfe tana da nata takun, kamar lilon yara: in turi ya zo daidai da dawowarsa, sai ya yi ta ƙara nisa. Haka takun sojoji ya kayar da gadar Broughton a Ingila a 1831. Na Tacoma ya fi haka muni. Da gadar ta fara murɗewa, kowace murɗa sai ta sauya yadda iska ke bugunta, iskar kuma ta ƙara mata ƙarfi, har ƙarfe ya gaji. Masu bincike Billah da Scanlan sun nuna a 1991 cewa littattafan makaranta da yawa suna haɗa waɗannan dalilai biyu wuri guda.

Laifin hukumar da ke kula da gadar Tacoma shi ne barin motoci suna bi ta gadar da take gwada wa magani ba ta gano cutarta ba. Landan ta fi ta hankali. Da gadar Millennium ta fara tangaɗi da masu tafiya a ƙasa a Yunin 2000, kwana biyu da buɗewa aka rufe ta, aka sha gori a jaridu, aka kashe kusan fam miliyan 5 wajen saka na'urorin shanye girgiza. An sake buɗe ta a Fabrairun 2002, kuma har yau ana bi.

A Tacoma kuwa sai a 1950 aka samu sabuwar gada mai ƙarafa a saƙe, wadda iska ke ratsawa. Ɓaraguzan ta farko suna ƙarƙashin ruwa.