Shin Tsufa Cuta Ne?

A garinmu Maiha, idan dattijo ya fara lalube da sanda, ko ciwon gwiwa ya hana shi zuwa gonarsa ta gyaɗa, sai ka ji 'ya'yansa suna cewa, "Ai tsufa ne, ba shi da magani." Da wannan magana ake rufe zancen. Ba wanda zai nemi mota ya kai shi asibiti a Mubi.

Masana ma sun yi gardama a kan tsufa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundin sunayen cututtuka, kuma kalmar "tsufa" tana ciki. Masu goyon baya suka ce idan aka kira shi cuta, za a zuba kuɗi wajen binciken maganinsa. Likitocin tsofaffi da yawa suka ƙi yarda. Kafin kundin ya fara aiki a watan Janairun 2022, hukumar ta cire kalmar, ta rubuta raguwar ƙarfi da ke zuwa tare da shekaru a madadinta.

Ni ina tare da waɗanda suka ƙi. Cuta takan kama wani ta bar wani, amma tsufa yana jiran duk wanda Allah ya ja da ransa. Furfura ba ciwo ba ce. Idan muka ce kowane mai shekara 70 majinyaci ne, wa zai ƙara neman shawararsa a kan iyakar gona ko maganar aure?

Sai dai kuskurenmu a nan ya sha bamban da na masana. Mu cuta muke kira tsufa. Yanar ido, wadda take makantar da tsofaffi da yawa, ana cire ta da ɗan gajeren aiki, sau da yawa cikin rabin sa'a. Hawan jini kuwa yakan daɗe bai nuna alama ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, alhali awonsa bai wuce minti biyar ba.

Wata gwaggona ta yi shekara uku a ɗaki, jikoki suna jan hannunta zuwa bayan gida. Dukanmu, har da ni mai karatun boko, mun ce tsufa ne. Da aka yi mata aikin ido, ba ta yi wata biyu ba ta koma tsintar shinkafa da kanta, tana yi wa jikokin faɗa cewa sun bar tsakuwa a ciki.