Jeri da Aljebra: A Haɗa wa Ɗalibi Su Biyun

Duk wanda ya taɓa koyon rubuta umurni ga kwamfuta ya san yadda ake farawa. Idan ana son jimillar lambobi ɗari, sai a ce wa na'ura ta ɗauki ta farko, ta ƙara ta biyu, ta koma ta ɗauko ta uku, haka dai har ta kai ƙarshe. Kafin ɗalibi ya gama tsara wannan kai-da-kawowa, lissafin da ya zo yi ya ɓace masa. A ganina wannan hanya ba ta dace da ajin lissafi ba, kuma an daɗe da samun wadda ta fi ta.

A shekarar 1962 wani masanin lissafi ɗan Kanada, Kenneth Iverson, ya wallafa littafin da ya haifar da harshen APL. Hikimarsa ita ce a ɗauki jerin lambobi gaba ɗaya a matsayin abu guda, a yi masa aiki a tashi ɗaya. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1979. A 1990 shi da Roger Hui suka fito da harshen J, wanda ba ya bukatar baƙin alamomin nan na APL masu neman allon bugu na musamman. Alal misali, a J idan ka rubuta +/\ 1 3 5 7 9 nan take za ka ga 1 4 9 16 25. Wato jimillar lambobin mara, in an bi su a jere, kullum lamba ce sau kanta. Ɗalibi ya gani da idonsa, ba malam ne ya faɗa masa ba.

To, amma gani ba hujja ba ne, kuma a nan ne nake jan kunnen malamai. Ɗauki n² + n + 41, wanda ake jingina wa Euler. Ka ba shi lambobi daga 0 zuwa 39, duk amsoshin arba'in ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Wane yaro ne ba zai rantse cewa ya gano doka ba? Sai a kan 40 abin ya rushe, domin amsar 1681 ce, wato 41 sau 41. Wanda ya tsayar da jerinsa a 30 ya tafi gida da ƙarya.

Saboda haka ake bukatar ɗaya ɓangaren, wato manhajojin da ke sarrafa harufan aljebra kansu. Macsyma, da aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1968, na cikin na farko. Mathematica ta Stephen Wolfram ta fito a 1988. Ka tambayi irin wannan manhaja jimillar lambobin mara guda n, za ta amsa maka da n², ga kowace n, ba sai ka ƙirga ba. Ita ma tana da nata rauni: takan miƙo amsa a dunƙule, ɗalibi ya kwafa bai san inda ta fito ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jeri ya tayar da zato, aljebra ta bincika shi, sannan a koma kan allo a rubuta dalili.

Na san za a ce ina kuɗin? Gaskiya Mathematica ta sayarwa ce. Amma J kyauta ne, haka ma Maxima, wadda ta samo asali daga Macsyma, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana iya ɗaukar su. Makarantar da ta riga ta saba da Python kuwa, NumPy da SymPy suna yin waɗannan ayyuka biyu a wuri guda. Darasi ɗaya a mako ya isa a fara, ko da kwamfuta ɗaya ce a gaban aji, malam na bugawa yara na cankar abin da zai fito kafin ya danna.