Daga Kaki Zuwa Sitiyari: Hakkin Da Kawuna Ya Tafi Yana Bin Mu

Soja da direban babbar mota, a ƙasar nan ba a tuna su sai ranar da aka shiga uku. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a ƙarshen daminar da ta wuce, ya yi aikin nan duka biyu, ya kuma yi su da amana. Ba zan kama sunansa ba, don shi ba mai son a yi shela da shi ba ne. Irinsa kuma suna nan birjik, duk tashar da ka leƙa za ka same su a kan benci, suna kallon motocin da ba su iya tuƙawa yanzu.

Yana saurayi ya shiga soja, ana tsakiyar yaƙin basasa, wanda ya ɓarke a Yulin 1967. Kafin yaƙin, sojojin Nijeriya kimanin 10,000 ne. Zuwa ranar 15 ga Janairun 1970 da aka ajiye makamai, sun tasam ma 250,000. Mafi yawan wannan ƙari samari ne irinsa, an ba su horo na ɗan lokaci aka tura su fagen daga. Da yake ya taɓa yin yaron mota, sai aka sa shi ɓangaren sufuri: ya kai abinci da harsasai gaba, ya komo da masu rauni. Bai cika maganar yaƙin ba. Ina yaro na taɓa tambayarsa, na ce, "Kawu, ka taɓa harbin mutum?" Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ni mota aka ba ni. Na kai su da ransu, na dawo da wasu a kwance. Kada ka ƙara yi mini wannan tambayar." Ban ƙara ba.

Labarin da yake jin daɗin bayarwa shi ne na ranar 2 ga Afrilun 1972, lokacin da Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama. Yana cewa tsofaffin hannu sun fi sababbi shan wuya, domin idan aka zo shataletale, hannu da kansa yake neman komawa inda ya saba.

Bayan zuwan Janar Murtala a 1975 aka shiga maganar rage yawan sojoji, aka ci gaba da ita a zamanin Obasanjo. Guguwar ta biyo ta kansa. Aka ba shi garatuti, aka ce shekarunsa ba su kai na fansho ba. Kuɗin bai isa sayen mota ba, sai ya karɓi ta wani attajiri, Marsandi 911 mai bodin katako, ya kama hanyar kurmi. Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000: Zariya, Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye gadar Jebba, sai Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Ya gangara da albasa da wake da tumatir zuwa kasuwar Mil 12, ya hauro da goron Shagamu da manja da gishiri. Haka ya yi ta yi har furfura ta cika masa kai.

Tarbiyyar bariki ba ta bar shi ba. Da an sallame sallar asuba zai zagaya motar da tocila, ya duba mai da ruwa, ya taka birki ya saurara, ya bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Yaran motarsa sun sha faɗa a kan noti ɗaya da bai ɗauru ba. Ba ya yarda a yi masa lodin da ya wuce ƙarfin mota, ba ya kuma ɗora mutane a saman kaya ko nawa ɗan kamasho ya ce za su biya. Idan gyangyaɗi ya fara, sai ya gangara gefe ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota. Goro da shayi su ne iyakar abin da yake kore barci da su. Wannan hali ya sha raba shi da masu mota, domin mai mota sawu yake so, kuma akwai yaran da za su haɗiyi ƙwaya su yi kwana biyu ba runtsawa. Ba a kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ba sai 1988, amma abin da take wa'azi a kai yau shi ya daɗe yana aikatawa ba tare da an tsare shi ba. Duk sa'ad da na ji labarin tirela ta kife da mutanen da suka hau kan shanu ko buhuna, nakan tuna sau nawa aka kira shi mai taurin kai saboda ya ƙi wannan kuɗin.

Mutanenmu suna da mummunan zato ga direba. Ana cewa kowane zango yana da mace, ana cewa kuɗinsa a hanya yake ƙarewa, har akwai gidajen da in direba ya zo neman aure sai a fara kame-kame. Akwai masu wannan hali, na san wasunsu. Amma zaton ya yi wa dubban mutane kuɗin goro, kuma zalunci ne. Mawaƙanmu sun fi mu adalci: Shata ya yi wa Bawa Direba waƙa, Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota. Sun ga mutuncin da mu masu biro muka kasa gani.

Ga abin da na gani da idona. Idan Kawu ya dawo daga tafiya, bayan ya kai wa mai mota balas, ragowar a hannun matarsa yake damƙawa kafin ya cire takalmi. Ba ya tashi sai ya tabbatar akwai hatsi a ɗaki da zai kai har dawowarsa. Kafin wayar hannu ta zo a 2001, ta bakin direbobi yake aiko saƙo: ku faɗa wa mutanen gidana na wuce Jebba lafiya, a kai yarinyar nan asibiti kada a jira ni. Karatunsa na boko bai wuce na yaƙi da jahilci da ya samu a bariki ba, amma sai an jera masa katin sakamakon kowane yaro ya bi da yatsa. Ya sa 'ya'yansa mata makaranta lokacin da 'yan'uwa ke ce masa ɓarnar kuɗi yake. Yau ɗaya ungozoma ce, ɗaya tana koyarwa. Da wansa ya rasu, ya kwashe marayun ya haɗa da nasa, baƙo ba zai iya bambance su ba. Ni ma da mahaifina ya karye, kuɗin jarrabawata daga aljihun kaftaninsa mai warin gas suka fito.

Sana'ar ta karɓi nata rabon. An raɗa wa 'ya'yansa da dama suna ba ya nan. Mahaifiyarsa ta rasu yana can kudu, ya iso an riga an kai ta makwancinta, kuma wannan bai bar cin ransa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya kudu. Cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da albasa da nama ya yi tashin gwauron zabo a Legas, a arewa kuma tumatir ya yi ta ruɓewa a hannun manoma. A wancan makon kowa ya fahimci cewa abin da ke riƙe da tukunyar kudu da aljihun arewa mutum ne zaune a bayan sitiyari. Da motoci suka koma hanya, aka sake mantawa.

Kawu kuwa a lokacin ya riga ya ajiye makulli. Yanar ido ce ta fara, sai hawan jini, sai ciwon bayan da shekarun ramuka suka bar masa. Ba fansho daga kaki, ba fansho daga mota. 'Ya'yan da ya yi wa tarbiyya su suka riƙe shi, alhamdu lillahi. Amma abokansa nawa ne ba su da wannan gata? Na ga wasu suna jiran matasan direbobi su miƙa musu na shayi.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya. A sayar da tambari, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru a Abuja da manyan biranen jihohi. Ba ni da ja da girmama waɗanda suka kwanta dama. Damuwata masu rai ce. Waɗanda suka yi yaƙin basasa, ƙaraminsu yau ya haura shekara 70, kuma kullum raguwa suke. A ba su kulawar asibiti kyauta da ɗan abin sawa a baki duk wata, ko shekarunsu sun kai na fansho ko ba su kai ba, bai fi ƙarfin gwamnati ba. Harsashi bai tambayi kowa shekara nawa ya yi a aiki ba.

Sai shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motoci. Kullum garin Allah ya waye ana yankar tikiti a tasha, kowace mota ta tashi sai ta biya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hanyar ma a buɗe take. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa ta fito da tsarin ƙaramin fansho domin masu sana'ar hannu, inda mutum zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta ce kowane ɗan ƙasa ya shiga. Direban da ke tsakanin Mokwa da Jebba ba shi da lokacin bin layi a ofis, amma ƙungiyarsa tana da sunansa da lambar motarsa, tana kuma ganinsa duk sawu. A ware wani kaso na kuɗin tikiti a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan direban, a ba shi shaida a hannu. A kawo masu awon ido da na jini manyan wuraren da motoci ke kwana, irin su Mararrabar Jos da Tafa, ko sau ɗaya a wata. Masu motoci su ma su sa nasu kason, domin wanda ya yi shekara 20 yana kawo maka balas bai cancanci ka karɓi makulli ka ce Allah Ya ba da lafiya, shi ke nan ba.