Ba Aljanin Fim Ne Matsalarmu Ba, Dariyar Da Muke Yi Wa Mai In'ina Ce



Kwanan nan surutu ya yi yawa a tsakaninmu kan fim ɗin My Dear Bootham, wai a hana yara kallonsa tunda akwai aljani a ciki. Mu dai mun zauna mun kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma muna ganin masu wannan magana sun bar jaki suna dukan taiki.

Fim ne na barkwanci da almara cikin harshen Tamil, daga masana'antar birnin Chennai a kudancin Indiya, ba ta Mumbai da muka fi sani ba. Ya fito a 2022, N. Ragavan ya ba da umarni. Prabhu Deva, shahararren ɗan rawan nan, shi ya fito a aljanin, wani ƙaramin yaro Ashwanth kuma ya fito a ɗan makaranta mai in'ina. Yaron ne ya 'yanta aljanin daga tsinuwar da ta mayar da shi gunki. Amma aljanin ba zai koma wurin ɗansa ba sai yaron ya furta wasu kalmomi, alhali furucin ne babbar wahalarsa. A makaranta dariya ake yi masa, ba mai haƙurin jira ya ƙarasa magana.

To ina aibin? In dai aljani ne, wa ya girma bai ji tatsuniyar Dodo ba? Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da aka koyar da mu a makaranta, babu aljanu a ciki? Dare Dubu Da Ɗaya fa? Ba mu ji wanda ya bar salla saboda su ba.

Ba mu musun cewa akwai al'adu da imanin mutanen can waɗanda ba namu ba. Maganin wannan shi ne uba ko uwa su zauna tare da yaro su bambance masa, ba a miƙa masa waya a juya baya ba.

Abin da ya kamata ya dame mu yana cikin gidajenmu. Yara nawa ne a unguwanninmu aka laƙaba wa sunan tsokana saboda harshensu na sarƙewa? Sau nawa babba ya daka wa yaro tsawa, ko ya ƙarasa masa maganar don gajen haƙuri? Wasu masu barkwancinmu ma da kwaikwayon in'ina suke neman abinci, mu kuma muna tafi. Haka yaro mai basira yake daina ɗaga hannu a aji, ya koma bencin baya ya yi shiru.

In'ina ba wauta ba ce, ba kuma duka ke raba yaro da ita ba. Tsawa da tsoro ma ƙara ta suke yi.

Don haka muna kira ga iyaye da malaman boko da na Islamiyya: idan mai in'ina ya fara magana, a saurara har ya dire. Wanda aka ji yana kwaikwayonsa a tsawatar masa nan take, ko da ɗan cikinka ne. Masu neman abin hanawa, ga shi nan.

Allah Ya shirya mana zuri'a.