Motar Tafi-da-Gidanka da Zumunci

Kowa ya san kunkuru, duk inda za shi, da ɗakinsa ya ke tafiya. In dare ya yi masa a hanya ba ya neman masauki, sai ya janye kansa da ƙafafunsa ciki ya kwanta. To, a ƙasar Amurka akwai mutane masu yawa da suka ɗauki irin wannan dabara. Suna da wata irin mota wadda su ke taƙaita sunanta da haruffa biyu, RV, da Hausa kuwa sai a ce motar tafi-da-gidanka. A cikinta su ke ci, a cikinta su ke kwana, da ita kuma waɗansunsu su ke bin danginsu gari gari suna gaishe su. Abin da ya kamata a duba shi ne, ko motar nan tana ƙara zumunci, ko kuwa rage shi ta ke yi.

Da fari sai a san kamanninta. Iri biyu ce: akwai mai injin kanta, akwai kuma wadda ba ta da inji, sai a ɗaura ta a bayan wata mota a ja ta. Manyan cikinsu tsawonsu ya kan kai ƙafa 45, faɗinsu kuwa ƙafa 8 da rabi, watau kamar babbar motar ɗaukar fasinja. A ciki akwai gado, da tebur, da kujeru, da murhu mai aiki da iskar gas, da firij, da wurin wanka, har da makewayi. A ƙarƙashi kuma akwai tanki uku, ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, na uku na ƙazantar makewayi. A bisa hanya an tanadi zanguna inda mai mota zai biya kuɗi ya tsaya, ya jona wutar lantarki, ya cika tankin ruwa, ya zubar da na ƙazanta.

Abin ba yau aka fara shi ba. A shekarar 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya nuna wata mota a birnin Niyok wadda a ke miƙe kujerarta ta baya ta zama gado. A 1919 waɗansu matafiya suka taru a Tampa, cikin jihar Fulorida, suka kafa ƙungiya wadda aka laƙaba wa sunan gwangwani, domin abincin gwangwani su ke ci a hanya. Amma abin da ya ba irin wannan tafiya ƙarfi sosai shi ne dokar da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1956, ta gina manyan hanyoyi mil 41,000 masu haɗa jihohi. Bayan shekara goma, a 1966, kamfanin Winnebago na jihar Ayowa ya fara ƙera mai inji da rangwamen kuɗi. Mafi yawan motocin nan a yankin Elkhart a ke ƙera su, cikin jihar Indiyana, a 2021 kaɗai kuwa masana'antun Amurka sun fitar da kamar 600,000.

Me ya sa mutum zai ɗauki ɗakinsa ya tafi gaida ɗansa? Dalili shi ne faɗin ƙasar. Daga Niyok, a bakin tekun gabas, zuwa Los Anjalis, a bakin tekun yamma, kamar mil 2,800 ne a mota, watau wajen ninki huɗu na tafiyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano. Ga shi kuma a al'adarsu yaro in ya girma ba safai ya kan zauna kusa da ubansa ba, sai ya bi makaranta ko aiki duk inda suka kai shi. Sabo da haka iyali da yawa ba su haɗuwa sai da Kirsimeti, ko kuwa Ranar Godiya, wadda su ke yi ran Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba. Kwana biyu ko uku, kowa ya koma inda ya fito.

A ƙaddara ga wani tsoho da matarsa, sun gama aiki suna karɓar fansho. Babban ɗansu yana Shikago, 'yarsu tana aure a Taksas, autansu kuwa yana Kalifoniya. In jirgin sama za su bi, sai su biya kuɗin jirgi, sa'an nan su kwana a otal, ko kuwa a tashi jika daga ɗakinsa a ba su. Masu gida da sassafe su ke fita aiki, ɗakuna kuma kaɗan ne, sabo da haka kafin mako ya zagayo kowa ya fara takura. Amma in suna da motar tafi-da-gidanka, sai su nufi Shikago lokacin zafi, su ajiye ta a ƙofar gidan ɗansu ko a wani zango kusa, su yi wata guda. Da sanyi ya matso, kafin ƙanƙara ta rufe hanya, su gangara kudu zuwa Taksas, daga nan kuma su yi yamma wajen auta.

A nan amfanin motar ya ke, ba ƙarami ba ne kuwa. Ta kan sa baƙo ya daɗe ba tare da ya zama kaya ga mai masaukinsa ba. Ziyarar kwana biyu ziyarar biki ce, kowa ya sa tufafinsa masu kyau, kowa ya ɓoye damuwarsa. Zaman wata guda shi ne ke nuna wa kaka halin jikanta. Ta raka shi makaranta, ta saurari karatunsa da maraice, ta san abin da ya ke so da abin da ke ba shi tsoro. In 'yarta ta haihu tana kusa, in surukinta ya kwanta a asibiti ga mai duba yara. Lalle waya tana kawo murya, har da hoton mai magana, amma ba a taɓa jin ta goyi jariri ba. Duk abin da ya sauƙaƙa wa tsoho zuwa wajen 'ya'yansa ya cancanci yabo, zama zumunci a ƙafa ya ke.

Duk da haka motar tana da aibi uku, wanda kuwa ya yabe ta bai faɗe su ba, bai yi gaskiya ba. Na farko shi ne kuɗi da wahala. Galan ɗaya na fetur galibi ba ya kai babbar mota mil 10. In a ce mil 8 ya ke kai ta, ƙetare ƙasar sau ɗaya zai ci galan 350. Tankunan ƙazanta cikin 'yan kwanaki su ke cika, tilas a tafi wurin da aka tanada a zubar. In sanyi ya yi tsanani, ruwa ya kan daskare ya fasa bututu. Wutar da babbar mota ke bukata ta fi wadda kafar wuta ɗaya ta gida ke bayarwa yawa ƙwarai. Garuruwa da unguwanni da yawa kuma suna da dokar da ta hana a ajiye irin motar nan a bakin titi fiye da 'yan kwanaki. Baƙon da bai yi tunani ba, sai ya jawo wa ɗansa tara, ya haɗa shi faɗa da maƙwabta. Amma wannan aibi mai sauƙi ne. Maganinsa a nemi izini kafin a zo, a tambayi doka, a kuma biya kuɗin wuta da ruwan da aka sha.

Aibi na biyu ya fi wuyar gani, ya kuma fi haɗari. Mutumin da ya zo da gadonsa, da murhunsa, da abincinsa, ba ya bukatar kome a wurin mai gida. Da fari abin ya kan yi daɗi, amma sannu a hankali sai ƙofar mota ta zama katanga. Tsoho ya sha shayinsa a ciki, ya kalli talabijin ɗinsa a ciki, da la'asar ya leƙa gida ya yi gaisuwa ya koma. In wata 'yar magana ta haɗa shi da surukarsa, ba sai ya zauna an sasanta ba, tun da ya ke makullin mota yana aljihunsa, gari na wayewa ya kama hanya. Wanda ya yi haka ya yi tafiyar mil dubu, amma bai iso ba.

Dalili kuwa shi ne, ɗawainiyar da a ke gudu, a cikinta zumunci ya ke girma. Ɗa yana so ya ga ubansa ya ci abincin gidansa. Jika da aka ce ya ɗebo wa kakarsa ruwa, ko ya bar mata kujerarsa, wani darasi ne a ke koya masa wanda babu shi a cikin littafi. Baƙon da ya ƙi karɓar kome, don kada ya dami kowa, ya hana masu gida ladan karɓar baƙo, ya kuma hana kansa sanin ko suna ƙaunarsa. Sabo da haka mai hankali ya kan mai da motar wurin barci kaɗai. Ci da hira da wuni, duk a cikin gida ya ke yin su tare da iyali.

Aibi na uku ya shafi waɗanda suka sayar da gidansu ɗungum suka koma cikin mota. Da sanyi su kan taru dubbai a hamadar Arizona, musamman a wani ƙaramin gari, Quartzsite, cikin watan Janairu. A filayen gwamnati da yawa an yarda mutum ya zauna kwana 14 ba da biya ba, sa'an nan ya matsa gaba. Ga mai ƙarfi da lafiya, zama ne mai ban sha'awa. Amma gida galibi darajarsa ƙaruwa ta ke yi, mota kuwa ko wace shekara raguwa ta ke yi. Ba kowa ne kuma ya shiga don marmari ba. Bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 mutane da yawa suka rasa gidajensu. Wata marubuciya, Jessica Bruder, ta bi waɗansu tsofaffi masu zama cikin mota, suna bin aikin ƙodago a manyan ɗakunan ajiyar kaya da wuraren girbi, ta ba da labarinsu a littafinta Nomadland a 2017.

Ko mai wadata ma, ranar tana zuwa da ido zai raunana, hannu ya kasa riƙe sitiyari. Masu wannan zama su da kansu sun san haka. Wata ƙungiyarsu mai suna Escapees, wadda aka kafa a 1978, tana da wurin karɓar musu wasiƙu a Livingston, cikin jihar Taksas, tana kuma da wani wuri a garin inda a ke kula da waɗanda tsufa ko ciwo ya hana su tuƙi. Tanadi ne mai kyau, amma yana nuna cewa ko wace hanya tana da ƙarshe. Tsohon da ya yi shekara goma yana yawo, bai shaƙu da ko wane gida ba, ran da ya tsaya sai ya tarar jikokinsa sun girma, hotonsa kaɗai suka sani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To, in an auna duka, ina gaskiya ta ke? Motar tafi-da-gidanka abar kirki ce ga wanda ya riƙe ta don zuwa wajen mutanensa, abar hasara ce ga wanda ya riƙe ta don kada ya bukaci kowa. Wanda zai more ta, sai ya kiyaye abu uku. Kada ya sauka a ƙofar kowa sai da izini. In ya sauka, ya fito ya shiga gida, ya ci abin da aka dafa, ya kama aikin da ya iya. Kuma tun yana da ƙarfi ya zauna da 'ya'yansa su yanke shawarar inda zai tsaya ran da tafiya ta ƙare. Kunkuru da aka fara maganarsa, ɗakinsa na mutum ɗaya ne, ba ya da wurin baƙo, ba kuwa mai karɓarsa. Ɗan Adam ba haka aka halicce shi ba. Darajar motar nan ba a tsawonta a ke ganinta ba, ko a yawan mil ɗin da ta ci, sai a yawan ranakun da mai ita ya rufe ta ya wuni a cikin danginsa.