Sharhi: Yaronmu a Bu'us ta Alƙahira

Sharhinmu na yau a kan yaran nan ne da muke rakawa filin jirgi da addu'a da murna saboda sun samu gurbin karatu kyauta a ƙasar waje, mu kuma mu dawo gida muna ganin nauyi ya sauka. Zan ɗauki misalin da mutanenmu suka fi sani, wato ɗaliban Azhar da ke kwana a Madinatul Bu'usil Islamiyya, masaukin ɗalibai baƙi da ke unguwar Abbasiyya a Alƙahira, wanda su yaran ke kira Bu'us kawai.

Wannan hanya tsohuwa ce. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya rubuta cewa tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a tsohuwar Alƙahira domin mabiya mazhabar Malikiyya. Masallacin Azhar kansa, wanda aka kammala a 972, daga baya ya ware wa al'ummomi masaukansu, har da na mutanen Barno, ana raba musu gurasa daga dukiyar waƙafi. A zamanin Jamal Abdul Nasir aka gina Bu'us, aka buɗe ta a 1959, kuma har gobe ɗalibin da ya samu minha, kamar yadda suke kiran tallafin, yana da gado da abinci da ɗan kuɗin kashewa na wata. Wannan alheri ne da ya cancanci godiya. Sai dai gado da abinci ba su ne dukan rayuwar yaro ba.

Abu na farko da ke tarbarsa shi ne jarrabawar tantance matsayi. Yaro ya taso daga Kano ko Damagaram, ya haddace Alƙur'ani, a unguwarsu har malam ake ce masa, sai a zaunar da shi a gwada Larabcinsa, a ce ya koma ajin koyon harshe ko ajin da ya ɗauka ya wuce tuntuni. Saurayi mai gemu ya koma zama da ƙannensa. Wasu sukan haɗiye, su yi haƙuri, su ci ribar hakan daga baya. Wasu kuwa daga nan zuciyarsu ke karyewa, kuma ba za su taɓa faɗa wa gida ba, domin a gida an riga an shaida wa dangi cewa yaro ya shiga jami'a.

Sai kuma harshen titi. Larabcin da ya koya a zaure da Islamiyya na littafi ne, shi kuwa direban bas da mai sayar da tumatir da ma'aikacin ofis duk da ammiyya, wato Larabcin titi, suke magana, da sauri, suna haɗiye rabin kalma. Ko a aji, wani malamin idan bayani ya yi zafi sai ya zame zuwa ammiyya. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa, to wannan baƙon har da kurumta yake fama a watanninsa na farko. Yana jin nauyin tambaya kada a yi masa dariya, sai ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Yininsa kuwa kusan iri ɗaya ne kullum. Ya tashi da asuba, ya yi tilawa, ya karɓi karin kumallo, galibi gurasa da wake da suke kira ful, ko cuku. Ya tafi aji. Idan ya kai matakin sakandare, Alfiyyar Ibn Malik na jiransa da sharhin Ibn Aƙil, fiƙihun Malikiyya kuma da Sharhus Sagir na Shehu Dardir, ga balaga, ga tauhidi, ga tafsiri da hadisi, ga haddar da za a saurara baki da baki ranar jarrabawa. Bayan la'asar a buga ƙwallo ko a wanke kaya. Da dare a koma kan littafi, domin yawan faɗuwa na iya raba mutum da minharsa, idan ta tafi kuma gado da abinci sun bi ta.

Bari in daɗe kaɗan a kan abinci, domin na san akwai dattijon da zai ce, wanda ya je neman ilimi ina ruwansa da miya? Baba, da ruwansa. Yaron da ya tashi da tuwo da miyar kuka da ɗumame, a ce shekara da shekaru sai shinkafa da makaroni da miyar adas marar yaji, ba kwaɗayi ne ke damunsa ba, cikinsa ne bai yarda ya ƙoshi ba. Shi ya sa idan aka ji wani zai taso daga gida, saƙo ke yi masa yawa: a kawo kuka, a kawo daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, dambun nama. Ranar da ƙullin ya iso, yara biyar ko shida za su haɗa kuɗi su tuƙa tuwo, su zauna a ƙasa su ci da hannu, kuma a wannan zaman ne ake jin wanda ba shi da lafiya da wanda ya daina zuwa aji. Ɗan sauƙin da ake samu shi ne Misirawa na shan zoɓo, suna cin kuɓewa, miyarsu ta muluhiyya kuma lalo ce tsantsa, sai dai hannun girkin ya bambanta.

Sanyin Alƙahira ma ba a cika gaya wa yara gaskiyarsa ba. Ana cewa ai Masar hamada ce. A watan Janairu da dare ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 10, gine-ginen kuma ba a yi su domin ɗumi ba, kuma a daidai lokacin ne ake jarrabawar tsakiyar shekara. Yaro ya sauka da kaftani uku da silifa. Rigar sanyi mai kauri da bargo da safa kaya ne da ya kamata su shiga akwati tun daga gida.

Ga kuma takardu. Izinin zama, iƙama, sabunta shi ake yi, da layi da hotuna da je-ka-ka-dawo a ofishin shige da fice da suke kira jawazat. Wanda tasa ta ƙare kafin sabuwa ta fito yakan rage fita, domin tsoron a tare shi a hanya. Idan ya fita ɗin ma, akwai ranar da wani yaro a titi zai jefe shi da kalma saboda launin fatarsa. Ba halin dukan Misirawa ba ne. A cikinsu akwai malaman da ke karantar da baƙi kyauta a masallatai, akwai masu shimfiɗa teburin buɗa-baki a titi duk watan azumi, kowa ya zo ya ci. Amma ɗan shekara 17 da aka yi wa ihu a kasuwa yana buƙatar babban da zai zaunar da shi ya kwantar masa da hankali, kuma sau da yawa wannan babban ɗalibi ne ɗan'uwansa da ya girme shi da shekara uku. Ƙungiyoyin ɗalibai su ne ke tarbar sabo a filin jirgi, su raka shi asibiti, su tsaya masa a ofis. Aikin iyaye suke yi, alhali su ma yara ne.

Kuɗi kuwa ta gefe biyu suke matse shi. Masar ta saki fam ɗinta a Nuwamban 2016, ta sake saki a Maris ɗin 2024, inda dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50, kayan masarufi suka bi. A Najeriya kuma naira ta faɗi warwas tun daga Yunin 2023, abin da uba ke turowa ya ƙanƙance tun kafin ya isa. Ɗan Nijar ya ɗan fi samun sauƙi ta wannan gefen, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne gidajen da ke ganin duk wanda ya hau jirgi ya zama mai kuɗi, har a kira yaro a ce ya taimaka da na bikin ƙanwarsa. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce ba shi da shi ba. Sai ya nemi ɗan aiki ko ya shiga saye da sayarwa, aji ya fara wuce shi.

Duk da haka, kada mai sauraro ya ɗauka zaman baƙin ciki ne. Yaron da bai taɓa wuce Zariya ba yau maƙwabcin ɗakinsa ɗan Indonesiya ne ko ɗan Senegal, Larabci ne kaɗai ya haɗa su, kuma wannan tilas ɗin ce ke buɗe masa baki fiye da kowane darasi. Ranar Juma'a ya yi salla a Azhar, ya zauna a da'irar wani shehi ba da ko sisi ba, ya ratsa shagunan littattafai na bayan masallacin. Farkon shekara ga baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda ake yi tun 1969, inda ɗalibi ke tara kuɗin wata da watanni domin ya sayi littafin da a gida sunansa kawai yake ji. Malamai da alƙalai da limamai da yawa da muke alfahari da su ta wannan ƙofar suka bi.

Abin da ke ci musu rai a ɓoye shi ne nisa. Daga Kano zuwa Alƙahira tafiyar jirgi ba ta kai awa 5 ba, amma akwai ɗalibin da zai shekara huɗu ko biyar bai ga mahaifiyarsa ba saboda kuɗin tikiti. A waya yake jin an yi haihuwa, a waya yake jin an yi rasuwa, wani lokacin ma ɓoye masa ake yi wai kada karatunsa ya taɓu, sai ya tsinci labarin a Facebook. Idan an kira shi kuma amsarsa ɗaya ce: lafiya lau, alhamdu lillahi. Iyaye, ku riƙa wuce wannan amsar. Ku tambaye shi ajin da yake ciki da sunansa, ku tambayi yaushe iƙamarsa za ta ƙare, me ya ci jiya da dare, wa ke duba shi idan ya kwanta ciwo. Ku karɓi lambar wani babban ɗalibi da ke kusa da shi.

Gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyi da masu hali da ke tura yara, su kuma muna roƙon su da abu uku. Kafin tafiya, a haɗa yaran da waɗanda suka yi zaman can su gaya musu gaskiyar jarrabawar tantancewa da ammiyya da sanyi. Sannan a cikin kasafin da ake yi, a sa kuɗin tikitin zuwa gida ko da sau ɗaya ne a tsakiyar karatu, a kuma riƙa biyan alawus a kan lokacinsa, domin wa'adin iƙama da ranar jarrabawa ba sa jiran a sa hannu a takarda.