DOKA TA BA MU BURTALI, WA YA HANA MU?

Jama'a, makiyaya da 'yan tireda na kasuwannin shanu, Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Kullum in an kama mana dabbobi an ɗaure, sai mu saida bijimi mu biya tara, mu ce haka Allah ya so. To, yau muna da magana da lauyoyi da alƙalan ƙasar nan, masu cewa wai makiyayi ba shi da ƙasa, inda ya kwana nan ne gidansa.

Wannan magana ƙarya ce, kuma dokar Nijar da kanta ta ƙaryata ta. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne. Bayan kisan Toda na 1991 a jihar Maraɗi, inda aka hallaka mutane fiye da 100, galibi mata da yara, dokar karkara ta 1993 ta ba makiyayi fifiko a wurin da ya saba zama da dabbobinsa. Sannan dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta faɗa ƙarara cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, kuma gwamnati ce ke da alhakin tsare shi.

A waje ma an ci gaba. A ƙasar Kenya an kori makiyayan Endorois daga bakin tafkin Bogoriya don a yi gandun namun daji. Ba su ɗauki sanda ba, ƙara suka kai hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka mai zama a Banjul. A 2010 aka bayyana hukunci: ƙasar tasu ce, a mayar musu, a biya diyya, ko da ba su da takarda. A 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar haƙƙin mutanen karkara, ta ambaci makiyaya a ciki.

To, ina lauyoyinmu? Me ya sa kowace damina gona ke cinye burtali, a toshe mashaya, amma ba mu ji an karanta waɗannan dokoki a gaban alƙali ba? Ashe karatun naku na masu filin birni ne kawai?

Mu ma da laifinmu. Daga yau, in an nome burtali, a kai ƙara wurin hukumar filaye ta gari, a tafi da shaidu, a nemi a rubuta. In an ci tara, a karɓi rasit. Kada kowa ya rama da hannunsa, kada a saki dabba cikin gonar da ba a girbe ba, don manomi ɗan'uwanmu ne. Ku kawo mana takardun ofishin ƙungiya, mu kai su gaba tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.